Littattafan Da Ake Gina Duniyar Tatsuniya Da Su

A wannan karo za mu ɗan jingine maganar kuɗin tiyar hatsi da na bisashe, mu taɓo wani zance wanda da farko zai yi kama da na yara, amma in an bi shi a sannu za a tarar akwai ciniki a cikinsa, akwai kuma gadon kakanni. Zancen kuwa shi ne na wani wasan ƙaga labari da ya bazu a duniya, da kuma littattafan da masu shirya shi suke nema ruwa a jallo, alhali mu nan Sabon Maci da kewaye irinsu suna cikin akwatunanmu gara tana ci.

Wane irin wasa ne?

A shekarar 1974 wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fito da wani wasa mai suna Dungeons & Dragons. Kwafi 1,000 kacal aka fara bugawa, amma daga baya kamfanin da ya mallaki wasan ya ce mutum fiye da miliyan 50 sun taɓa yin sa. Ba ya bukatar lantarki ko salula. Mutum huɗu ko biyar ne za su kewaye teburi ko tabarma, da takarda da fensir da ɗan ƙwaya mai lambobi irin na lido. Ɗaya daga cikinsu shi ne mai riƙe da labari, bari mu kira shi madugun wasa. Sauran kuwa kowa zai ɗauki mutum guda ya zama shi: wannan maharbi, wancan wanzami, waccan mai fura, wani kuma ɗan sarkin da aka kora daga gari.

Madugu zai ce, alal misali, ayarinku ya iso bakin rijiya da almuru, kun tarar an cire guga, ga kuma sawun raƙuma ya yi gabas. Me za ku yi? Kowa sai ya faɗi dabararsa. In abin mai hatsari ne, kamar shiga rijiya da igiya, sai a jefa ƙwaya a ga ko an dace. Haka labarin zai yi ta tafiya, mako bayan mako, wani ma har shekara, ba wanda ya san ƙarshensa, har shi kansa madugun.

In muka duba da kyau, abin ba baƙo ba ne a gare mu. Muna da tatsuniyar dare, muna da wasan kara inda talaka zai zama gwamna ko sarki na kwana ɗaya, muna da wasan kwaikwayo irin wanda su Yazi Dogo suka yi suna da shi. Bambancin ɗaya ne, amma babba ne. A tatsuniya ba mai tsayar da kaka ya tambaye ta kwana nawa Gizo ya yi a hanya, ko da wane kuɗi Ƙoƙi ta sayi daddawa. A wannan wasa kuwa tambaya ita ce wasan. Nawa ne kantun gishiri a garin nan? Wa ke karɓar kuɗin fito? In mun daki dogari, wa zai yi mana shari'a? Madugun da ba shi da amsa, nan take duniyarsa za ta rushe kamar ginin da ba a sa wa ramno ba.

Ƙarya ma sai da jari

Saboda haka ne masu wannan sana'a suke tara littattafai. Shi kansa Gygax, a littafin jagoran wasan da ya fitar a 1979, ya jera sunayen marubutan da ya ɗebo daga wurinsu. Cikinsu akwai Tolkien, malamin jami'a a Ingila, wanda ya shafe rayuwarsa yana nazarin tsofaffin harsuna da labaran mutanen arewacin Turai, ya kuma ƙaga tasa duniyar.

Ba sai mun je Ingila neman misali ba. Alhaji Abubakar Imam, wanda ya rubuta Magana Jari Ce cikin littafi uku tsakanin 1937 da 1939, sai da ya zauna a Zariya ya karanta labaran Larabawa da na Indiyawa da na Turawa, sa'an nan ya ɗinka musu riga da hula irin namu, har mai karatu ya rantse a ƙasar Hausa aka haife su. Mu da ke aikin rediyo muna ganin haka kullum: wasan da aka shirya da sani, tsofaffi kan saurare shi su yi shiru, wanda aka yi da ka kuwa, tun ba a kai tsakiya ba wani dattijo zai ce ai ba haka ake naɗin sarauta ba, ya kashe akwatinsa.

To, waɗanne littattafai ne za su taimaki yaronmu ko yarinyarmu da ke son gina duniyar labari irin tamu, ko don wasa, ko don rediyo, ko don fim? Ga su nan kashi-kashi.

Na farko: rumbun tatsuniya

Babban rumbu shi ne Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, wanda Frank Edgar ya buga cikin littafi uku daga 1911 zuwa 1913. Malamai Hausawa ne suka rubuta akasarin abin da ke ciki da ajami, shi kuma ya mayar da shi boko. Ba tatsuniya kaɗai ke ciki ba, har da labaran yaƙi, da karin magana, da wasiƙu. A 1913 kuma Rattray ya fitar da nasa, wanda wani malami mai suna Malam Shaihu ya rubuta masa da hannunsa a ƙasar da yau ake kira Gana. Wanda ya fi sauƙin karantawa ga yara shi ne Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, littafi shida, na farkon shekarun 1970.

Sai ƙagaggun labarai. Gasar da aka yi a Zariya a 1933 ta haifi Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Kowannensu darasi ne ga madugun wasa. Ruwan Bagaja yana koyar da yadda ake jan mutum daga gari zuwa gari cikin neman abu guda, da abokin gaba biye da shi. Ganɗoki yana nuna yadda ake tashi daga yaƙin gaske da Turawa a faɗa ƙasar aljannu ba tare da an ji gargada ba. Shaihu Umar kuwa yana ɗauke da hanyar hamada da ɗacin bauta. A ƙara da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, da Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo wanda ya kai yaro Bahaushe sararin samaniya tun 1969.

Na biyu: sarauta da yaƙi

Gari ba ya tsayuwa ba sarki, labari kuma ba ya daɗi ba rikicin gado. Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, wanda aka buga cikin littafi biyu a farkon shekarun 1930, yana ɗauke da tarihin sarakunan Kano tun daga Barbushe da dutsen Dala da zuwan Bagauda. A nan mai karatu zai ga zuwan Wangarawa da Musulunci a zamanin Yaji, da kafa kasuwar Kurmi a zamanin Muhammadu Rumfa.

Amma abin da ya fi kusa da mu shi ne na yankinmu. Bayan da masu jihadi suka ci Katsina a 1807, sarakunanta suka yiwo arewa, Ɗan Kasawa ya zauna Maraɗi wajen 1819. Gobirawa kuma suka kafa Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Issaka Dankoussou ya bi tsofaffi ya tattara labaran Katsinawan bayan jihadi, aka buga a Yamai a 1970. Philippe David ya rubuta labarin jarumtar Ƙaura Hasau. M. G. Smith ya yi rubutu a kan yadda ake mulkin Maraɗi a zamanin Ɗan Baskore, daga 1854 zuwa 1875, inda ya bayyana aikin Ƙaura da Galadima da Ƴandaka da Durɓi, masu zaɓen sarki, da kuma Iya, wadda al'amuran mata ke hannunta. Mai son fadar da ake ƙulle-ƙulle a cikinta, ga ta nan a shirye, ba sai ya aro ta Turawa ba.

Ga maƙwabta kuma akwai littafin André Salifou a kan Damagaram na 1971, da na Djibo Hamani a kan Adar na 1975. Kowa ya san abin da Abdoulaye Mamani ya yi da labarin Sarauniyar Lugu, wadda ta tari sojan Voulet da Chanoine a 1899: littafinsa ya fito a 1980, Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar Wagadugu a 1987. Labarin ƙauye guda ke nan ya zagaya duniya, don an sami wanda ya zauna ya rubuta.

Na uku: hanya da kasuwa

Nan ne gizo ke saƙa, nan ne kuma ya fi shafar masu karanta wannan shafi. Duniyar ƙage takan faɗi ne ta wajen kasuwarta. Za ka ga an ƙaga birni mai ganuwa a tsakiyar hamada, amma ba a ce ga inda hatsinsa ke fitowa ba, ba a ce ga abin da mutanensa ke sayarwa ba. Kowace mai sayar da kayan miya ta san irin wannan gari ba zai kwana bakwai ba.

Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya gangaro daga Abzin tare da ayarin gishiri, ya sauka Tasawa a watan Janairu na 1851, ya bi ta Gazawa zuwa Katsina da Kano. Littafinsa guda biyar ne, sun fito a 1857 da 1858. A Tasawa ya ga yadda ake zube wuri a ƙasa ana ƙidaya shi biyar-biyar, har wuri 500,000 a ciniki guda. A Kano ya tarar wuri 2,500 ake ba da azurfar Turawa guda, ya kuma ƙiyasta cewa tufafin da Kano ke saƙawa tana rinawa suna kawo mata wajen wuri miliyan 300 a shekara. Ku duba abin da wannan ke ba mai ƙaga labari. In kuɗi wuri ne, to attajiri ba ya gudu da dukiyarsa cikin aljihu, sai da jakuna da ƴan dako. Ɓarawo ma sai ya yi shawara kafin ya sata. Ga labari ya samu tun ba a zaro takobi ba.

Paul Lovejoy ya rubuta littafi biyu masu amfani ƙwarai: na fataucin goro a 1980, da na gishiri a 1986. Na goro ya bayyana yadda Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari suke haɗa ayari zuwa Gwanja, tafiyar watanni. Da aikin madugu, da na jagaba mai shiga gaba, da na uban dawaki. Da yadda ake biyan garama da fito a hanya, da yadda ake sauka a zango wajen mai gida. Na gishiri kuwa ya rarrabe kantu da beza na Balma, da mangul na ƙasar Manga, da kanwa iri-iri, wanne na mutum ne, wanne na dabba. Mahdi Adamu, a littafinsa na 1978, ya bi sawun Hausawa a duk yammacin Afirka, zango bayan zango.

Akwai kuma wanda ya yi magana a kan alhazanmu kai tsaye, wato Les Alhazai de Maradi na Emmanuel Grégoire, na 1986. Ya nuna yadda suka taso daga awon gyaɗa ga kamfanonin Turawa, yadda gyaɗa ta faɗi a farin shekarun 1970, da yadda suka juya ga cinikin kan iyaka da Najeriya. Ya kuma yi bayanin zaman ubangida da bara, da abin da ake nufi da arzikin mutane. Alhajin da aka karanta wa wannan littafi zai ji kamar ana ba shi labarin gidansu.

Na huɗu: cikin gida

Yawancin littattafan tarihi maza ne suka faɗa, maza suka rubuta. Wanda ya sha bamban shi ne labarin Baba ta Karo. Tsohuwa ce Bahaushiya da aka haifa wajen 1877, ta zauna da Mary Smith, matar M. G. Smith ɗin nan da muka ambata, a 1949 da 1950, ta ba ta labarin rayuwarta, aka buga a 1954. A ciki akwai aure da kishi, da ƙawance, da goyo da riƙo, da harin masu kamun bayi, da sana'ar mata ta cikin gida. Guy Nicolas, wanda ya daɗe yana bincike a gulbin Maraɗi, ya rubuta littafi a 1986 a kan biki da kyauta, da yadda suke tafiya kafaɗa da kafaɗa da ciniki. Ga mai son sanin yadda gari ke shiga uku in damina ta ƙi, akwai tarihin yunwa a Sahel na Boureima Alpha Gado, na 1993.

Na biyar: ƙamus

Kada a raina ƙamus. Na Bargery, wanda ya fito a 1934, yana da kalmomi wajen 39,000, yana kuma nuna wadda Katsinanci ce, wadda Sakkwatanci ce, wadda Gobiranci ce. Sunayen dawaki, da na tufafi, da na kayan yaƙi irin su lifidi da sulke da kwalkwali, duk suna ciki, kuma an sa shi a intanet. Akwai Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, da ƙaramin ƙamus na Hausa zuwa Faransanci na Abdou Mijinguini. Dalziel kuma tun 1916 ya tattara sunayen itatuwa da tsirrai da Hausa. Mai labarin da ya san bambancin gawo da bagaruwa da aduwa, ya san gawo da damina yake kaɗe ganye, dajinsa zai yi kama da daji.

Hattara biyu

Na ɗaya, akasarin waɗannan littattafai baƙi ne suka rubuta, wasunsu ma ma'aikatan mulkin mallaka, da idonsu da son ransu. A ɗauke su kamar hatsin da aka auno a kasuwa: sai an sheƙe, an tsince tsakuwa. Wannan ya fi ƙarfi ga waɗanda suka yi magana a kan bori da iskoki, kamar na Tremearne na 1914. Tarihi ne na abin da mutane suka yi, ba abin koyi ba ne.

Na biyu, maganar ƙwayar da ake jefawa. Ba a sa kuɗi a wannan wasa, ba kuma wanda ke cinye wani, saboda haka ba caca ba ce. Duk da haka malamanmu suna da magana a kan wasa da irin wannan ƙwaya, ya kamata uba ya tambayi malaminsa. Wasan yana yiwuwa ba tare da ita ba, madugu ya yanke hukunci bisa kyawun dabarar da aka kawo. Kuma kowane irin wasa ne, in ya hana salla ko karatu ko aiken uwa, ya zama ɓarna.

Ina ruwan ɗan kasuwa?

Ruwansa da yawa. Masu wannan sana'a a waje sun riga sun gane cewa labaran wasu ƙasashe haja ce. A 1992 an fitar da Al-Qadim, wanda aka gina bisa Dare Dubu da Ɗaya. A 2002 an fitar da Nyambe, wanda aka gina bisa labaran Afirka. Da irin littattafan da muka lissafa ake yin wannan aiki. In ƴaƴanmu ba su karanta su ba, wata rana za a sayar musu da Ƙaura Hasau da kuɗin waje, a kuma faɗi sunansa a karkace.

Abu uku muke roƙo. Na farko, alhazan da ke bin hanyar Ɗan Isa da Jibiya zuwa Katsina da Kano, in an gama lodin atamfa da robobi, a leƙa wajen masu littattafai a Kurmi ko Sabon Gari, a sako Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja da Shaihu Umar ko da goma-goma ne. Ba sa ruɓewa, ba sa tsufa, malaman lakkol da ɗalibai kuma masu saye ne. Na Faransanci kuwa, a sa ɗalibanmu da ke jami'a a Maraɗi da Yamai su neme su a ɗakunan karatu, har da na cibiyar IRSH da ta CELHTO, inda aka adana tsofaffin rubuce-rubuce da muryoyin tsofaffi.

Na biyu, iyayenmu masu ƙosai da masu gyaɗa da ƴan tireda, kafin a yage takarda a ƙunsa kaya, a nuna wa yaro mai karatu ya duba. Littafin da ba a ƙara bugawa ba, in ya tafi ya tafi ke nan.

Na uku shi ne mafi girma. Akwai littafin da Barth bai gani ba, Bargery bai ji ba, yana nan cikin kawunanku. Wace tsohuwa ce ba ta san sunayen shekarun yunwa ba, tun daga Kakalaba ta 1913 da aka ba ta labari, har El Buhari ta 1984 da ta gani da idonta? Wane dillali ne bai san yadda ake gane raƙumin da zai iya hanya ba? Wa ya fi mai fura sanin yadda ake adashi, da yadda ake bin bashi ba a ɓata zumunci ba? Wa ya fi tsofaffin Kornaka da Dakwaro sanin rijiyoyin Tarka, da yadda manomi da makiyayi suke sasantawa in shanu sun shiga gona? In jikanku ya zo da littafin rubutu yana tambaya, kada a kore shi a ce ana ciniki. A ce masa ya dawo bayan la'asar, a zauna a faɗa masa, a kuma sa shi ya karanto abin da ya rubuta don a gyara masa. Da haka su Malam Shaihu da Baba ta Karo suka shiga littafi, ga shi har yau ana ambatonsu.

Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah ya sa albarka a kasuwa, ya shirya mana zuri'a, ya ba mu damina mai albarka. Sai mun sake haɗuwa a wannan shafi.